Kafin a Sa Gwiwar Ƙarfe, a Duba Sauran Jiki

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa mambobi, ina taya mu murnar zagayowar wannan rana. Allah Ya ƙara haɗa kanmu.

Da yawa cikin iyayenmu gwiwa ta hana su sakat. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Idan magani da gashi suka gaza, likitoci a asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano kan ba da shawarar sa gwiwar ƙarfe. To, aiki ɗaya ake yi wa kowa, amma warkewa ta bambanta, domin jiki ne gaba ɗaya ke warkar da gwiwar.

Na farko, ciwon suga. Idan suga ya yi yawa, ɗinki ba ya saurin kamewa, ƙwayoyin cuta kuma sukan samu ƙofa. In suka kai ga ƙarfen, wani lokaci sai an sake buɗewa. Ku nemi gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda suga yake a watanni uku da suka wuce.

Na biyu, ƙiba. Kowane kilo ɗaya na jiki kusan kilo huɗu ne a kan gwiwa idan ana tafiya. Ko kilo biyar kika rage, gwiwa za ta sani.

Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko gyambon ciki, ta yi hattara da diclofenac da ibuprofen na kemis. Duk abin da kike sha, har jiƙe-jiƙe, ki faɗa wa likita. Mai ƙarancin jini ta gyara shi tun da wuri, in ba haka ba jiri zai hana ta atisaye. Ruɓaɓɓen haƙori da ciwon fitsari ma a magance su kafin a shiga tiyata.

Bayan aiki, yawanci kwana ɗaya ko biyu ake tsayar da mutum. Kwanciya ba hutu ba ce, jini take daskarar wa. In sha raɓa ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take. Watanni uku na farko su ne na ƙoƙari, cikakkiyar warkewa kan kai shekara.

'Ya'ya da surukai, ku tanadi masai na zama da kujerar sallah. Mu kuma in za mu yi wa 'yar'uwa adashin aiki, mu sa kuɗin gwaje-gwaje da na gashi a lissafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.