Unguwar Da Ba Ta Da Danga

Yau za mu kai ku wata unguwa a ƙasar Amurka, mu leƙa gidajenta, mu ga yadda iyalai suka yi zamansu a shekarun 1950, gama akwai abin da za mu koya a can.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, miliyoyin sojojin Amurka suka koma gida suka yi aure, amma wurin zama ya yi wuya. Ango da amarya da jariri sukan cunkushe a ɗaki ɗaya a gidan iyaye. Sai wani magini mai suna William Levitt, da mahaifinsa da ƙanensa, suka sayi gonakin dankali a Long Island, kusa da birnin New York. Suka raba aikin gini kashi 27, kowace ƙungiyar ma'aikata da nata aikin, tana bi gida gida. Daga 1947 zuwa 1951 suka gina gidaje 17,447, aka sa wa wurin suna Levittown. A 1949 ana sayar da gida ɗaya dala 7,990, tsohon soja kuma yana iya biya kaɗan kaɗan kowane wata, don gwamnati ta tsaya masa a kan bashin. A 1952 suka fara gari na biyu mai suna iri ɗaya a jihar Pennsylvania, kusa da birnin Philadelphia.

Bari mu shiga ɗaya daga cikin gidajen nan. Da sassafe mai madara ya riga ya ajiye kwalabe a bakin ƙofa. Maigida ya sha shayi ko kofi, ya shiga mota ko jirgin ƙasa ya tafi aiki. Uwargida tana gida da yara, tana da firji da murhun lantarki da injin wanki, abubuwan da uwarta ba ta samu ba. Yara kuwa ko'ina ne, gama daga 1954 zuwa 1964 ana haihuwar jarirai fiye da miliyan 4 kowace shekara a ƙasar. Bayan makaranta su hau kekuna su cika titi. Da yamma iyali su zauna kan tebur ɗaya su ci abinci, sa'an nan su koma gaban talabijin. A 1950 gida ɗaya ne cikin 10 yake da talabijin, amma kafin 1960 ya kai kusan 9 cikin 10. Ran Lahadi kuma a yi ado a tafi sujada. Majami'u sun cika a shekarun nan, har fiye da rabin mutanen ƙasar suna da suna a littafin wata ikilisiya ko majami'ar Yahudawa.

Unguwar tana da dokokinta. Dole ka yanke ciyawar ƙofar gidanka kowane mako. Ba a shanya wanki a waje ran Lahadi. Ba a kuma yarda kowa ya kafa danga tsakaninsa da maƙwabcinsa ba, domin fili ya zama ɗaya, yara su yi wasa daga wannan gida zuwa wancan. Wa zai ƙi irin wannan zama?

Amma 'yan'uwa, akwai wata danga wadda ido ba ya gani. A takardun farko an rubuta cewa fararen fata kaɗai za su zauna a gidajen. A 1948 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta irin wannan sharaɗi ba, duk da haka kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙar fata. Sojan da ya yi yaƙi tare da su bai isa ya zama maƙwabcinsu ba.

A watan Agusta 1957, William Myers da matarsa Daisy, baƙar fata, suka sayi gida daga hannun wani mai gida a Levittown ta Pennsylvania, suka tare da ƙananan yaransu 3. Shi ma tsohon soja ne. Ba da daɗewa ba mutane suka taru a ƙofar gidan. Dare bayan dare taron ya kai ɗaruruwa, da maza da mata da matasa, ana ihu, ana zagi, aka jefi tagar gilashi da duwatsu ta fashe. Sai da gwamnan jihar ya aiko da 'yan sanda, kotu kuma ta ba da umarnin a daina, kafin abin ya lafa.

To, wa ya tsaya tare da su? Maƙwabtansu na kusa, Lewis da Bea Wechsler, Yahudawa ne, su ne suka buɗe musu ƙofa, suka tsaya da su. Saboda haka aka zo da dare aka ƙone gicciye a filin gidansu. Ku ji fa, gicciye! Alamar da muke ɗauka ta ƙauna da gafara, ita aka cinna wa wuta don a tsorata mutane. Waɗansu Kiristoci, musamman waɗanda ake kira Quaker, da waɗansu maƙwabta, su ma suka zo, suna kwana suna gadin gidan, suna taimako da abin da suke iyawa. Iyalin Myers suka daure har 1961 kafin su tashi. Sai a 1968 aka kafa dokar ƙasa da ta hana nuna bambancin launin fata wajen sayar da gida ko ba da haya.

Wannan ya tuna mana da misalin da Ubangiji ya bayar cikin Luka sura 10. Mutumin da 'yan fashi suka bari a hanya, masu hidimar Haikali ne suka ratse suka wuce shi, baƙo ɗan Samariya ne ya tsaya. Ubangiji bai auna su da yawan zuwa sujada ba, ya auna su da abin da suka yi wa wanda yake kwance.

Kada mu yi saurin nuna wa mutanen Levittown yatsa. Suna ƙaunar 'ya'yansu kamar yadda muke ƙaunar namu. Da yawa tsoro ne ya kama su, wai darajar gidan da suke biya da guminsu za ta faɗi. Da yawa kuma ba su jefa dutse ba, sun dai ja labule sun yi shiru. Mu fa? In baƙo ya tare kusa da mu, wanda harshensa ko kabilarsa ko addininsa ba irin namu ba ne, me muke faɗi a kansa lokacin cin abinci? Yara suna ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ji addu'a a bakinmu kafin abinci, ya kuma ji zagin maƙwabci bayan abinci, wanne zai riƙe?

A makon nan, bari kowane gida ya tuna da maƙwabci ɗaya wanda ba mu taɓa shiga gidansa ba. Mu je mu gaishe shi, mu kuma tafi da yaranmu su gani da idonsu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin gidajenmu da iyalanmu. Ka gafarta mana lokatan da muka ja labule muka yi shiru. Ka rushe dangar da take cikin zukatanmu, ka ba mu ƙarfin hali mu tsaya tare da baƙo ko da zai jawo mana hasara. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.