Wa Ke Auna Nauyin Baƙunci?

Karatu: Daniyel sura 1, Irmiya 29:4-7

Da wuya a sami gida a cikinmu wanda ba shi da wani a waje. Ɗa ya tafi Legas neman aiki, 'ya tana karatu a Zariya, wani kuma ya ƙetare teku zuwa Ingila ko Amurka. In sun kira mu, mukan tambaye su aiki, mu tambayi kuɗin makarantar ƙannensu. Amma nauyin da ke zuciyar baƙo fa, wa ke tambaya?

Masana halayyar ɗan Adam sun gane cewa wannan nauyi ba wasa ba ne, har suka nemi hanyar auna shi. A shekarar 1994, malamai biyu a Amurka, Sandhu da Asrabadi, suka tsara tambayoyi 36 domin ɗaliban da suka zo daga ƙasashen waje. A kowace tambaya ɗalibi zai zaɓi lamba daga 1 zuwa 5, gwargwadon yadda maganar ta dace da halin da yake ciki, sai a tara lambobin. Cikin abin da ake aunawa akwai kewar gida, da tsoro, da jin ana nuna masa bambanci, da jin an ƙi shi, da ruɗewa saboda sabuwar al'ada, da kuma jin laifi don ya bar iyalinsa. Mu lura da na ƙarshen nan. Ɗanmu yana iya aiko mana da kuɗi kowane wata, alhali zuciyarsa tana ƙararsa cewa ya yashe mu.

Wani masani kuma a Kanada, John Berry, ya ce tambayoyi biyu ke gaban kowane baƙo: zan riƙe al'adata? Zan cuɗanya da mutanen garin? Bincikensa ya nuna cewa wanda ya yi duka biyun yakan fi samun kwanciyar hankali, wanda ya rasa duka biyun kuwa shi ya fi shan wahala.

Tun kafin masana, Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wannan hanya. An kwashe Daniyel zuwa Babila yana saurayi, aka sāke masa suna, aka sa shi koyon harshen Kaldiyawa shekara uku. Ya koya, ya yi wa sarki aiki da aminci. Amma abincin sarki, ya ƙi ƙazantar da kansa da shi. Annabi Irmiya ma ya rubuta wa 'yan bauta cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su yi wa birnin addu'a, gama zaman lafiyarsa shi ne nasu. Bai ce su manta da Allahnsu ba, bai kuma ce su kulle kansu a ɗaki ba.

Mu da muke yarenmu a gida, Hausa a sujada, Turanci a makaranta, ai mun san wannan zama. Saboda haka in ɗanmu ya ce ya gaji, kada mu ce bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Mu tambaye shi: kana barci? Ka sami ikkilisiya? Akwai wanda kake cin abinci tare da shi? Mu yi masa magana da yarenmu. In damuwar ta hana shi ci da barci, mu ƙarfafa shi ya ga fasto, ya kuma ga likita. Baƙon da ke zaune a bayan majami'armu ranar Lahadi, shi ma ɗan wani ne. Mu kai shi gida ya ci tuwo.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka san nauyin kowace zuciya. Ka kiyaye 'ya'yanmu a baƙunci, ka buɗe idanunmu mu ga baƙin da ke cikinmu. Cikin sunan Yesu, amin.