Amsar Wasiƙunku: Rubutun Jikin Buhun Shinkafa

Wani ɗan kasuwa daga Tsafe yana tambaya: don me buhu mai sunan ƙasar Tailan ya fi na gida tsada a kasuwar Gusau, alhali wani lokaci in an dafa duk ɗaya ne?

To Malam, sau da yawa kuɗin rubutu ka biya. Doka ta ce abincin da aka shigo da shi ya nuna ƙasar da ya fito, hukumar NAFDAC ke sa ido. Amma fa buhu ba ya rantsuwa. Da aka rufe iyakoki, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa juye ta waje cikin buhunan gida don su kauce wa kwastan. Wasu kuma su sayi ta manomin Bungudu da araha, a gyara ta tas, a ɗura a buhun waje, a ƙara kuɗi. Manomin nan ko sisin ƙarin bai gani ba, wannan kuwa shi ya fi ci mini rai.

Kafin ka biya, sa a huda buhun, ka zuba a tafin hannu, ka duba ƙwayar, ka shinshina.

Sai wasiƙa ta gaba, daga Kwatarkwashi.