Furfurar da ba ta tsufa ba: magana kan kulorokin



'Yan uwa na Kossodo, duk wanda ya manyanta a nan ya san Nivaquine, wato kulorokin, ƙwayar nan mai ɗaci da ke sa wasunmu kwana suna susa. Ƙaiƙayin kowa ya san shi. Abin da ba a cika sani ba shi ne abin da take yi wa launin jiki.

Kulorokin na liƙe wa sinadarin da ke ba fata, gashi da ido launinsu. Wanda ya yi watanni yana sha, yana iya ganin gashi na fitowa fari daga tushe, gira da gashin ido sun koɗe, alhali bai kai shekarun furfura ba. Wani farin tabo ne zai fito masa. Wani kuma akasin haka, ƙwauri da farce da ganɗa su yi duhu kamar an shafa shuni. Galibi in an daina sha, sabon gashi kan dawo da launinsa. Amma idan ta ɓata ganin mutum, da wuya ya dawo.

Tun 2005 Burkina ta daina amfani da kulorokin wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar ta daina jin ta. To, me ya sa har yau ake sha? Saboda mai tallan magani na bakin kasuwa yana ƙirga ta a leda, kuma a 2020, lokacin korona, mutane sun yi ta rububinta. Mai shan ta kan zazzaɓi ya yi asara biyu: zazzaɓin bai tafi ba, jiki kuma ya sha wahala. In jiki ya yi zafi, a je a yi gwajin jini, ɗigo guda daga yatsa, kafin minti 20 an san amsa.

Akwai waɗanda likita ke rubuta wa irin wannan magani na dogon lokaci saboda ciwon gaɓoɓi ko lufus. Ku kada ku daina da kanku. Ku nuna wa likitan canjin da kuka gani, a riƙa duba muku ido.

Idan tabo ya fito, kada a yi saurin cewa jifa ne, ko a ware wa mutum kwano. Tabon da magani ya jawo ba ya yaɗuwa. Wani tabon kuma na iya zama ƙyasfi, ko aikin man bilicin. Tabon da aka taɓa da auduga mai shi bai ji ba, a hanzarta da shi, domin alamar kuturta ce, ita ma tana warkewa. Ku fara da asibitinmu na Kossodo, in ta kama a tura ku sashen fata na asibitin Yalgado Ouédraogo. Ku tafi da kwalin duk maganin da kuka sha.

Iyaye mata, maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina wani ne daban, kwana 3 kawai a wata. Kada wannan magana tawa ta sa ku hana su. Zazzaɓi na kashe yaro cikin 'yan kwanaki.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya ba mu lafiya.