Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Malaman da Suka Kammala Horon Koyarwa da Fasahar Zamani

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku yawan rai; shugabannin makarantu, masu horarwa, da ku malamai maza da mata da muka taru dominku, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Wajen shekarar 2007 aka fara shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutarsa ta hannu, wanda ma aka gwada a wata firamare da ke Galadima a Abuja. Ƙasar Peru ce ta rungume shi hannu bibbiyu, ta raba wa yara kwamfutoci dubu ɗaruruwa. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu, ya fitar da bincikensa a 2012, sai aka tarar yara sun iya taɓa na'ura, amma lissafinsu da karatunsu suna nan inda suke. An saka na'ura a hannun yaro, darasin malami kuwa bai sauya ba. Shi ya sa na yi murna da na ga wannan horo da ku ya fara, kuma a kanku ya tsaya.

An koya muku tunani irin na masu tsara manhaja. Jeannette Wing, wadda rubutunta na 2006 ya yayata batun, ra'ayinta shi ne kowane yaro ya cancanci wannan tunani kamar yadda ya cancanci karatu da rubutu da lissafi. Mene ne shi? A ɗauki babbar matsala a farfasa ta ƙanana, a lura da abin da ke maimaita kansa, a ajiye abin da bai shafi zancen ba, sannan a jera matakai daki-daki har wanda bai san komai ba ya bi su ya isa. In ya ɓata, a koma a nemo matakin da ya karkace. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, domin a ajinmu mun saba kuskure abin kunya ne, wani lokaci ma abin bulala. Seymour Papert, wanda shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro harshen Logo a 1967, ya sa yara suna ba wani ɗan kunkuru na kwamfuta umarni: yi gaba, juya dama. Idan kunkuru ya zana karkataccen ɗaki, ba a cewa yaro ya faɗi. Komawa yake yi ya duba umarninsa ya gyara.

Na san wani zai ce a ransa: Alhaji, ina wutar? Gaskiyarka. Amma Tim Bell da abokansa a Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan sun daɗe da tsara darussan kimiyyar kwamfuta da ba sa buƙatar kwamfuta. Alli da farfajiyar makaranta sun wadatar. Malama ta zana gidaje a ƙasa irin na dara, ta tsayar da yaro ɗaya a kusurwa, sauran su rubuta masa umarnin da zai kai shi ƙofa. Ba zai yi komai ba sai abin da aka rubuta. Za a sha dariya, amma ranar da aka samu wuta aka buɗe Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta fitar kyauta a 2007, waɗannan yara ba baƙi ba ne.

Sai ɗaya ɓangaren horon nan, wato tsara mafita ta hanyar fara sauraren mai matsalar. Kafin malam ya shirya darasi, ya zauna da yarinyar da ke makara kullum, ya ji dalili. Wataƙila talla ce, wataƙila ɗiban ruwa. Ya gwada ƙaramar dabara mako guda, ya duba, ya sake. Mu malamai mun fi iya magana a kan saurare, ni ma har da ni.

Ga shugabannin makarantu ina da roƙo. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, amma har yanzu akwai ɗakin kwamfutar da ke kulle, makulli na aljihun mutum ɗaya, wai kada yara su lalata. Ku buɗe shi. Ku kuma ware wa waɗannan malamai lokaci a cikin jadawali, ko da sa'a guda ce a mako, su zauna da abokan aikinsu da ba su samu zuwa ba, su shiga ajin juna, su gaya wa juna gaskiya. Horon 'yan makonni yakan dushe idan mutum ya koma shi kaɗai.

Malamai, da yawanku kun baro iyali, wasu da goyo suka zauna a aji. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a abin da kuka koyo, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Da izinin shugaban taro, sai a fara kiran sunaye domin karɓar takardun shaida.