Siffanta Kamannin Mutum da Turanci: Inda Ɗalibi Bahaushe Ke Tuntuɓe

Kalmomin Turanci na siffanta kamannin mutum sun kasu ne bisa abin da ido ke fara gani: tsawo, jiki, launin fata, gashi da fuska. Tsawo ba ya wahalar da ɗalibin Karkarna ko na Roni, domin "tall" da "short" sun yi daidai da dogo da gajere. Turanci ma ya fi sauƙi a nan, tunda bai raba dogo da doguwa da dogaye ba.

A kan jiki ake fara tuntuɓe. Idan mutumin Gwiwa ya ga ƙanensa ya dawo daga Kano ya murmure, yakan ce masa "ka yi ƙiba", kuma yabo ne, alamar hutu da kwanciyar hankali. Kalmar "fat" kuwa a kunnen Bature zagi ce ko kusa da zagi, don haka ake sakaya ta da "plump" ko "well-built". Haka "slim" yabo ne kamar siriri, amma "skinny" ta fi kusa da ramamme. Hausa ba ta gaza a wannan fage ba: ƙamus na Bargery na 1934 ya kawo dogon jerin kalmomi a ƙarƙashin ƙato kaɗai, kuma har yau ana jin irin su jibgege da dirkeke a bakin jama'a.

Launin fata ya fi kowane fanni rikitarwa. A masarautar Kazaure, inda Hausawa da Fulani suka daɗe da cuɗanya, ana bambanta fari, da wankan tarwaɗa, da baƙi. Ɗalibin da ya fassara fari da "white" ya mayar da Bafulatanin Yankwashi Bature. Abin da ya dace shi ne "fair" ko "light-skinned". Wankan tarwaɗa ba shi da takwara guda a Turanci, sai dai a kewaya a ce "medium brown". Wushirya ma haka take. Bahaushe na lissafa ta cikin kyau, alhali "gap-toothed" bayani ne kawai, babu yabo a ciki. Tsage irin su zube da bille ana kiransu "facial marks", domin "scar" tabo ne na rauni. Furfura kuma, wadda ake cewa farin gashi, Turanci ya fi kiranta "grey hair".

Abin takaici shi ne lokacin da ake ɓatawa a aji wajen haddace "blonde" da "brunette", kalmomin launin gashin Turawa, alhali yaro bai san "plaited" na kitso ko "bald" na sanƙo ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karatu da harshen da yaro ya tashi da shi, kuma wannan darasi na cikin waɗanda suka fi buƙatar hakan: a fara da kalmar Hausa, sannan a auna ta Turanci a kanta.

Cigiya ce ke gwada ɗalibi. Yaro ya ɓata ranar kasuwa a Babura, uwa na cewa ɗan siriri ne, wankan tarwaɗa, mai wushirya, da bille a kumatun hagu. Wanda zai rubuta rahoton da Turanci dole ya jero siffofin bisa tsarin harshen, wato girma, sai shekaru, sai launi, duka kafin suna, sannan alamomin fuska su biyo bayan kalmar "with".