Roƙo Kafin Suna: Nazarin Ɗabi'a da Koya wa Ƙananan Yara Magana



Yaro ɗan shekara uku da bai buɗe baki ba, idan ya zube ƙasa yana birgima ko yana buga kai da bango, a gida akan ce rigima ce, wani lokaci ma a ce iska. Mai nazarin ɗabi'a tambaya biyu yake yi: me ya faru kafin birgimar, me kuma yaron ya samu bayanta? Galibi za a tarar an lallashe shi, ko an miƙa masa abin da yake so, ko an janye aikin da aka sa shi. Birgima ta biya masa buƙata ke nan, gobe ma ita zai yi.

Tushen wannan fanni, ta ɓangaren magana, yana cikin littafin Verbal Behavior na B. F. Skinner, wanda ya fito a 1957, inda ya karkasa magana bisa aikin da take yi wa mai ita. Yaron da ya ce "ruwa" don ƙishi, da wanda ya faɗa don ya ga randa, da mai maimaita abin da uwarsa ta ce, furucinsu ɗaya amma darasi uku ne, kowanne koyonsa ake yi daban. Noam Chomsky ya yi wa littafin kaca-kaca a 1959, sai dai rigimar masana harshe ba ta hana rarrabuwar yin amfani a aji ba. Abin da nake so mu riƙe shi ne: a fara da roƙo. Yaron da aka koya wa sunayen launuka goma, alhali bai iya cewa "ba ni" ba, bai samu abin da zai canji kuka da shi ba.

A 1985 Edward Carr da Mark Durand sun gwada haka a Amurka. Sun gano cewa wasu yaran suna tada hankali ne idan aiki ya yi musu wuya, wasu kuma idan malami ya kau da kai daga gare su. Na farko aka koya musu neman taimako, na biyu aka koya musu neman a duba aikinsu, rigimar ta lafa. Da aka koya wa yaro jimlar da ba ta dace da buƙatarsa ba, ba ta lafa ba. Wannan gaɓar ita ce zuciyar aikin.

Ba lallai roƙon ya zama da baki ba. Andy Bondy da Lori Frost sun ɓullo da tsarin PECS a jihar Delawe don yara masu lalurar otizim: yaro ya miƙa hoton abin da yake so, a ba shi nan take, a kuma faɗi sunansa. Nuni da hannu ma roƙo ne.

A gidajenmu matsalar ita ce yawan masu hidima. Kafin yaro ya motsa, yaya ko kaka ta tura masa kofi. Betty Hart da Todd Risley na Jami'ar Kansas sun nuna amfanin koyarwa a daidai lokacin da yaro ya nuna sha'awa. A ɗora ƙosai inda zai gani amma hannunsa ba zai kai ba, a jira shi daƙiƙa biyar. Ko "ƙo" ya ce, a ba shi da fara'a. In ya yi shiru, a faɗa masa, a kama hannunsa ya nuna, a ba shi. Ba a horar da yaro da yunwa.

Wasu za su kawo aikin Ivar Lovaas na 1987, mai horon awa 40 a mako. Iyalai nawa ne za su iya wannan? An kuma soke shi kan tsawa da mari da aka yi amfani da su, manyan da suka tashi da otizim da dama sun koka da horon da ya fi damuwa da biyayya. Koken nasu abin saurare ne.

Kafin a fara komai, a kai yaron asibiti a auna jinsa. A yankin da sanƙarau ke barin yara da kurunta, tana yiwuwa wanda ake cewa ya ƙi magana bai taɓa jin ta sosai ba.